Tambaya da Amsa: Wane Ne Ya Zuba Farin Dutse a Ramukan Anka?

A wannan fitowa mun zaɓi wasiƙu huɗu daga Zamfara da Kebbi, domin duk da cewa masu su ba su san juna ba, tambayoyinsu suna komawa ga tushe guda, wato ruwan zafi da narkakken dutse da suka ratsa ƙarƙashin ƙasarmu tun kafin a yi ɗan Adam a kanta.

Tambaya ta farko, daga wani mai haƙar zinari a ƙasar Anka: Malam, na shekara goma sha biyu ina shiga rami. Duk inda muka dace, zinarin yana cikin wani farin dutse mai kama da ƙanƙara, wanda ya ratsa baƙin dutse kamar an narka shi an zuba. Dutsen da ke gefensa kuma ya koɗe, ya fi sauran laushi. Mene ne ya zuba shi? Kuma dattawanmu suna cewa zinari tsirowa yake yi, idan aka bar rami ya huta zai sake haihuwa. Gaskiya ne?

Ɗan'uwa, abin da idonka ya gani a cikin rami shi ne ainihin abin da masana ilimin duwatsu suke shafe shekaru suna koyon ganewa, kuma ka yi daidai da ka ce kamar an zuba shi, domin zuba shi aka yi. Sai dai ba a narke ya zo ba, ruwa ne ya ɗauko shi. Wannan farin dutse shi masana ke kira kwaz, kuma sinadarinsa ɗaya ne da na farin yashin gulbi. Layin da ya bi a cikin baƙin dutse tsohuwar tsaga ce, wadda ruwa mai tsananin zafi ya bi ta cikinta ya bar abin da ya ɗauko, har tsagar ta cika ta toshe.

Kafin a fahimci inda ruwan ya fito, sai an san tarihin baƙin dutsen da kansa. Duwatsun da suka miƙe daga Anka da Maru har zuwa Zuru da Yawuri, waɗanda suke ɓarewa falle-falle idan an sa musu guduma, asalinsu laka ce da yashi da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa, tare da wasu duwatsu na aman wuta. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ɓangarorin ɓawon ƙasa suka yi karo a wannan yanki na Afirka, aka matse waɗannan duwatsu, aka lanƙwasa su, aka tura su can ƙasa mai nisan kilomitoci da yawa. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin salshiyos, don haka dutsen da ya nutsa kilomita ashirin ya kai zafin da ya kusa digiri 500 ko ya wuce. Ma'adanan da ke cikin laka suna riƙe da ruwa a cikin ƙirarsu, ba ruwan da ake iya matsewa da hannu ba, ruwa ne da yake wani yanki na jikin ma'adanin. Idan zafi ya kai wannan matsayi sai su sake shi, su rikiɗa su zama wasu ma'adanan da ba sa bukatarsa. Wannan ruwa da aka saki ba shi da inda zai nufa sai sama, kuma babbar hanyarsa ita ce manyan tsagogin ƙasa, irin wadda masana suka raɗa wa sunan Anka, wadda ta ratsa ta Yawuri ta yi kudu.

A nan mai karatu zai iya cewa, ai ruwa ba ya narkar da zinari, ga mata suna wanke-wanke da zobe a hannu shekara da shekaru bai ragu ba. Haka ne, amma ruwan da muke magana a kansa ba ruwan randa ba ne. Zafinsa yana kaiwa digiri 250 zuwa 400, nauyin duwatsun da ke samansa ya hana shi tafasa ya ƙafe, kuma yana ɗauke da iskar kabon da sinadarin farar wuta. Farar wutar ce take kama zinari ta riƙe shi a cikin ruwa. Zinari yana warwatse a kusan kowane dutse, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai wuce kashi ɗaya zuwa huɗu cikin biliyan ba, wato tan dubu na dutse zai ba da giram kaɗan ne kawai. Aikin ruwan shi ne ya bi ta cikin dutse mai yawan gaske yana tsintar wannan ɗan kaɗan, sannan ya je ya sauke shi a wuri ƙanƙane. Inda aka sami giram biyar a tan ɗaya na dutse, an tattara zinarin fiye da sau dubu ke nan a kan yadda yake a sauran duwatsu.

Abin da ke sa ruwan ya sauke kayansa iri uku ne, kuma galibi tare suke aiki. Yana hucewa yayin da yake hawa, kuma ruwan da ya huce ba ya iya riƙe abin da ya riƙe yana da zafi. Sannan idan ƙasa ta motsa tsagar ta buɗe farat ɗaya, matsin da ke kan ruwan yana faɗuwa, iskar da ke cikinsa ta fice kamar yadda take fita idan an buɗe kwalbar lemo, sai kwaz da zinari su zube nan take. Wannan yana maimaituwa sau da yawa, tsaga ta toshe, ta sake fashewa, ta sake toshewa, shi ya sa wani lokaci za ka ga farin dutsen yana da layi-layi a jikinsa kamar saƙar tabarma, da siraran fallen baƙin dutse a tsakani.

Dalili na uku shi ne ya fi kusa da tambayarka game da dutsen da ya koɗe, kuma a ganina shi ne mafi ban sha'awa a duk wannan ilimi. Ruwan ba ya tsayawa a cikin tsaga kawai, yana tsatsafowa ya shiga jikin dutsen da ke hagu da dama, ya yi musaya da shi. Ka dubi abin da ke faruwa a majema: ana sa ɗanyar fata a ruwan bagaruwa, ba ta narkewa, siffarta ba ta ɓacewa, amma idan ta fito ta zama wani abu dabam domin ruwan ya shiga jikinta ya sauya ta. Haka dutsen gefen tsaga yake. Yana nan daskare bai narke ba, amma ruwan yana cire masa wasu sinadarai yana sa masa wasu, ƙwaya bayan ƙwaya, har ma'adanansa na asali su koma wasu. Masana suna kiran wannan musaya metasomatizim. Ma'adani mai tauri da ake kira felsifa yana komawa wani fari mai santsi da ɗan sheƙi, shi ne ke sa dutsen ya koɗe ya yi laushi. A wani wurin dutsen yana yin kore-kore, a wani wurin kuma iskar kabon tana haɗuwa da sinadaran dutsen ta haifar da ma'adanai dangin farar ƙasa. Mafi muhimmanci, idan dutsen yana da ƙarfe a jikinsa, farar wutar da ke riƙe da zinari tana sakin zinarin ta kama ƙarfen, su zama wani ma'adani mai ruwan ɗorawa da ake kira firait, shi kuwa zinarin da aka saki sai ya zauna a nan. Saboda haka koɗaɗɗen dutsen da kuke turewa gefe wani lokaci yana ɗauke da zinarin da ido ba ya gani, kuma faɗinsa yakan fi na farin layin nesa ba kusa ba. Masu binciken ma'adanai sun fi neman sa, domin ya fi sauƙin samu, kuma shi ke nuna musu cewa sun kusa.

Game da maganar dattawa, ina girmama su, kuma na san abin da suka gani. Idan damina ta wanke tsohon rami da tarin ƙasar da aka zubar, ƙwayoyin da aka rasa a baya suna fitowa fili, haka kuma gulbi yana kawo sabon yashi mai zinari daga tudu kowace shekara. Amma a cikin dutsen kansa zinari ba ya sake haihuwa. Ruwan da ya kawo shi ya huce tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru, kuma abin da ya sa muke taɓa waɗannan tsagogi da hannu a yau shi ne zaizayar ƙasa ta kwashe kilomitocin dutsen da suka rufe su. An fara haƙar zinari a rubuce a Najeriya tun 1913, aikin ya kai ƙololuwa a shekarun 1930, kuma farin dutsen da aka cire a wancan zamani bai koma ramukansa ba.

Tambaya ta biyu, daga wata malamar makarantar sakandare a Yawuri: Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa ake samun zinari a wajenmu da wajen Zuru amma ba a jin labarinsa a Argungu da Birnin Kebbi. Kuma ko kuzar Jos ma ta wannan hanya ta samu?

Malama, ɗalibanki sun yi tambayar masu lura. Jihar Kebbi tana zaune a kan duwatsu iri biyu. Kudu maso gabashinta, wato ƙasashen Yawuri da Zuru, tsofaffin duwatsun nan ne da aka matse aka gasa, kuma a Birnin Yawuri an san tsagogin kwaz masu zinari tare da firait da ma'adanai dangin farar ƙasa. Arewa da yammacin jihar kuwa, inda Argungu da Birnin Kebbi da Gwandu suke, an lulluɓe tsohon dutsen da yashi da laka da suka kwanta daga baya da nisa, a cikin kwarin da masana ke kira kwarin Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato tana cikin wannan lulluɓi. Ruwan zafin ya riga ya gama aikinsa kafin a shimfiɗa waɗannan, don haka babu tsagar zinari a cikinsu.

Labarin kuza ya bambanta, domin a nan narkakken dutse ne uban tafiya. Tsakanin kimanin shekara miliyan 200 zuwa 140 da suka wuce, narkakken dutse ya taso ya daskare a wurare da dama daga kudancin Kano zuwa Jos da Bauchi, ya zama dutsen giranit. Narkakken dutse yana ɗauke da ruwa a narke a jikinsa, kuma yayin da yake daskarewa, ma'adanan da suke fara fitowa ba sa karɓar ruwa, ba sa kuma karɓar kuza da wasu ƙarafa irinta. Saboda haka waɗannan suna taruwa a ragowar da ba ta daskare ba, kamar yadda gishiri yake ƙara ƙarfi a miya idan ruwanta yana ƙonewa. A ƙarshe ruwan yana rabuwa da narkakken dutsen, ɗauke da kuza da sinadarin fulorin, ya juya ya afka wa giranit ɗin da ya haife shi, ya cinye felsifar da ke cikinsa ya bar kwaz da maika (wani ma'adani mai sheƙi da yake ɓarewa falle-falle) da ƙwayoyin kuza. Misali mafi kyau a ƙasar Hausa shi ne Ririwai a kudancin Jihar Kano, inda doguwar tsaga take ɗauke da kuza da tutiya, kuma mutanen wurin sun san narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Yawancin kuzar da aka haƙa a Jos kuwa daga yashin rafuka aka wanke ta, bayan ruwan sama ya farfasa irin waɗannan duwatsu ya tara ta a kwari.

Akwai kuma lokacin da ragowar narkakken dutsen take kutsawa cikin tsagogi ta daskare da manya-manyan ƙwayoyi, har a sami maika mai faɗin tafin hannu. Irin wannan dutse ne ake haƙa a Jihar Nasarawa domin ma'adanan litiyom da tantalait da duwatsun ado. Idan kuma giranit mai zafi ya ci karo da farar ƙasa, ruwansa yana sauya farar ƙasar ta koma dutse mai nauyi, wanda a ƙasashe da dama ake samun tagulla da ƙarfe a cikinsa.  Ina ba ki shawara ki nuna wa ɗalibanki cewa ba kowane giranit ne yake da arziki ba: manyan duwatsu irin na Kwatarkwashi sun girmi na Jos da ɗaruruwan miliyoyin shekaru, kuma ba a san su da kuza irin ta Ririwai ba.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibi a Gusau: Na tsinci dutse mai ƙyalli ruwan ɗorawa a gonarmu, wasu sun ce zinari ne. Yaya zan gane?

Ɗana, mai yiwuwa firait ne, wanda muka ambata a sama. Ka ɗora ƙwaya ɗaya a kan ƙarfe ka buga da guduma: zinari yana lotsawa ya baje, firait kuwa yana farfashewa ya zama gari mai duhu. Wuƙa tana yankar zinari amma ba ta karce firait. Zinari ya fi ruwa nauyi sau 19, firait sau 5 ne kawai, shi ya sa a wajen wanki firait yake gudu tare da yashi ya bar zinari a gindin kasko. Duk da haka kada ka raina abin da ka tsinta, domin idan firait ɗin yana cikin farin kwaz, kuma kusa da shi akwai dutse mai tsatsa da ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu inda ruwan sama ya cinye wasu ƙwayoyin, alama ce cewa ruwan zafi ya taɓa bi ta nan. Ko ya bar zinari ko bai bari ba, ɗakin gwaji ne kaɗai zai faɗa.

Tambaya ta huɗu, daga wata uwa a ƙasar Bukkuyum: Mijina da ƙannena suna aikin zinari. Ina tuna shekarar da yara suka yi ta mutuwa aka ce gubar dalma ce. Me ya haɗa dalma da zinari? Kuma me ya sa iyayenmu suka wanke zinari a rafi ba su ga wannan masifa ba?

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya kare waɗanda suka rage. Tambayarki ita ce ta sa na ga wajibi ne a yi wannan dogon bayani, domin amsarta tana cikin ruwan nan da muka yi ta magana a kansa. Ruwan da ya tsinci zinari bai tsince shi shi kaɗai ba. A wasu tsagogin ya ɗauko dalma da tagulla da tutiya, kuma dalmar ta haɗu da farar wuta ta zama wani ma'adani mai nauyi, mai ruwan toka da sheƙi, wanda yake fashewa da kusurwa huɗu, ana kiransa galina. Shi ne dutsen da aka daɗe ana niƙawa a yi kwalli. Wasu tsagogin Anka da Bukkuyum suna da shi da yawa ƙwarai, a cikin farin dutse guda da zinarin, ta yadda ba a iya haƙo ɗaya a bar ɗaya.

Akwai sauyi na biyu da ya ƙara munin lamarin. Da zaizaya ta kawo tsagogin kusa da doron ƙasa, sai ruwan sama da iska suka shiga yin nasu aikin a kan galinar tsawon dubban shekaru, suka mayar da wani yanki nata dalma mai haɗe da kabon, wadda launinta fari ne ko toka-toka, ba ta ƙyalli, kuma tana narkewa cikin sauƙi a ruwan cikin mutum. Mai haƙa zai iya kauce wa dutse mai sheƙi ya ɗauki wanda ya fi shi haɗari ba tare da ya sani ba.

Iyayenmu da suka wanke yashin rafi suna aiki ne da abin da ruwa ya riga ya tace, kuma a jiƙe, ba tare da ƙura ba. Abin da ya sauya shi ne farashin zinari ya tashi daga ƙasa da dala 500 kowace oza a 2005 zuwa sama da dala 1,200 a 2010, mutane suka koma fasa dutsen kansa, suna kawo shi cikin gari da cikin gidaje, ana daka shi a turmi ana niƙa shi a bushe da injin niƙan hatsi. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yawan mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. An kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka da dama, aka yi irin wannan aikin a ƙauyen Bagega a 2013, amma a 2015 irin wannan ya sake faruwa a Shikira ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Tunda dalmar tana jikin dutsen, babu wankin da zai raba ta da shi kafin niƙa, kuma ba ta ruɓewa a ƙasa ko bayan shekara ɗari. Abin da yake hannunku shi ne kada dutse ko garinsa ko buhun da aka ɗauko shi ya shigo gida, a yi niƙa nesa da gari da rijiya, kuma a jiƙe shi da ruwa. Maigida da ƙannenki su yi wanka su sauya tufafi da takalma a wurin aiki kafin su dawo su ɗauki yaro, kada kuma a wanke kayan aikinsu tare da na yara. Turmi ko injin da ya taɓa niƙa dutse kada ya sake ganin hatsi. Mai ciki da mai shayarwa su nisanci wurin niƙa, kuma a daina sa wa jarirai kwallin dutse. Yaro yana iya ɗauke da dalma mai yawa a jininsa yana wasa kamar lafiya lau, don haka idan akwai ƙananan yara a gidan da ake wannan sana'a, ki kai su asibiti ki nemi a auna dalmar da ke jininsu, kada ki jira sai an ga amai ko jijjiga.